Tattaki A Hamadar Yuta: Inda Sawun Ƙafa Ɗaya Kan Ɓata Aikin Shekara 50

A daren 4 ga watan Agusta na shekarar 2008, waɗansu mutane da suka kafa tantuna suna barci a wani lungu na hamadar Jihar Yuta, can yammacin ƙasar Amurka, suka farka da wata ƙara mai kama da tsawa, alhali kuwa babu ko ɗigon hadari a sama. Da gari ya waye, masu yawon ƙafa suka bi turbar da aka saba bi, sai suka tarar da ita a toshe da manyan ɓaraguzan jan dutse. Ashe wani ƙaton bakan dutse ne da ake kira Wall Arch, mai faɗin ƙafa 71 da tsayin ƙafa 33, ya rushe cikin dare. Babu wanda ya taɓa shi, babu wanda ya gani, kuma Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo.

Wurin da abin ya faru shi ne gandun ƙasa da ake kira Arches, mil 5 arewa da wani ƙaramin gari mai suna Moab, a gefen Kogin Kolorado. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 310, kuma a cikinsa an ƙidaya bakunkunan dutse fiye da 2,000, adadin da babu wani wuri a duniya da ya tara irinsa. Kowace shekara mutane fiye da miliyan ɗaya sukan je su yi tattaki a tsakanin duwatsun nan, musamman a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da sanyi ya janye, furannin daji suka buɗe.

Mai karatu zai zaci babban abin da ke damun ma'aikatan gandun shi ne rushewar duwatsu. To, ba haka ba ne. Su a wurinsu faɗuwar dutse al'ada ce, don kuwa abin da ya gina shi shi ne yake rushe shi. Abin da ya fi tayar musu da hankali yana ƙarƙashin takalmin baƙo, kuma galibin baƙi ko kallonsa ba sa yi.

YADDA BAKAN DUTSE KE SAMUWA

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro irin na ginin gargajiya, ya ɗaga kai ya ga yadda magina kan lanƙwasa bakan gizo daga wannan bango zuwa wancan don ya ɗauki rufi, to, ya fahimci siffar abin da muke magana a kai. Bambancin kawai shi ne na Yuta dutse ne guda, babu azara babu tubali, kuma ta ƙarƙashinsa sararin sama kake hange. Bisa ƙa'idar gandun, ba a lissafa rami a matsayin baka sai faɗinsa ya kai ƙafa 3.

Masana ilmin duwatsu sun ce tushen al'amarin gishiri ne. Kimanin shekara miliyan 300 da suka shige, teku ta riƙa malalowa cikin wannan yanki tana ƙafewa, tana sake dawowa tana ƙafewa, har ta bar shimfiɗar gishiri mai kaurin dubban ƙafafu. Daga baya ruwa da iska suka yi ta jibga yashi da laka a kai, har suka daskare suka zama dutse. Shi kuwa gishiri, idan nauyi ya yi masa yawa, yakan motsa sannu a hankali kamar kakin zuma. Sai ya kumbura a nan, ya lotsa a can, dutsen da ke bisansa ya tsattsage a jere, kamar an sa wuƙa an yanka burodi.

Daga nan aikin ya koma hannun ruwa. Ruwan sama yakan shiga tsagar, ya narkar da sinadarin da ya manne ƙwayoyin yashi da juna, watau abin da ke zaman siminti a jikin dutsen. Da hunturu kuma ruwan ya daskare cikin dare, ya kumbura, ya ɓamɓare wani yanki. Hausawa suka ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. A haka tsagar ta yi ta buɗewa har aka sami dogayen bangayen dutse sirara suna tsaye kusa da juna. Inda gindin bango ya fi taushi sai ya zaizaye ya huje, rami ya yi ta girma, na sama ya saura a rataye. Wannan shi ne bakan dutse. Jan launin da ke jikinsa kuwa tsatsar ƙarfe ce da ta rufe ƙwayoyin yashin.

Tun da ruwa ba ya daina aikinsa, kowane baka yana da ranar faɗuwa. Wanda ya fi kowanne tsawo a gandun, mai suna Landscape Arch, ya kai wajen ƙafa 300 daga wannan gindi zuwa wancan, ya kusa tsawon filin ƙwallo, amma tsakiyarsa ta sirance har mai kallo yakan riƙe numfashi. A ranar 1 ga Satumba, 1991, wani ɓangare mai tsawon ƙafa 60 ya ɓalle daga cikinsa ya faɗo, baƙi na kusa suka ranta a na kare. Bayan an sake samun zubewa a 1995 sai aka rufe turbar da ke bi ta ƙarƙashinsa, yanzu daga bayan shinge ake kallonsa.

DAGA MAKIYAYA ZUWA GANDU

Ba Turawa ne suka fara sanin wurin ba. Mutanen asali na ƙasar sun shafe dubban shekaru suna farauta a cikinsa, suna sassaƙa kan kibiya da duwatsunsa. Har yau akwai zanen da ƙabilar Yut, wadda jihar ta samo suna daga gare ta, ta bari a jikin wani dutse, mai nuna mahaya dawaki da tumakin dutse masu manyan ƙahoni. An ƙiyasta an yi zanen tsakanin 1650 da 1850, domin kafin zuwan Sifaniyawa babu doki a wannan yanki.

A 1898 wani tsohon soja mai suna John Wesley Wolfe, wanda ya ji rauni a ƙafa a yaƙin basasar Amurka, ya zo da ɗansa suka kafa ɗan garken shanu a bakin wani rafi mai ruwan zartsi. Bukkar katakon da iyalinsa suka gina a 1906 tana nan tsaye. Daga baya labarin duwatsun ya kai kunnen manyan wani kamfanin jirgin ƙasa, waɗanda suka hango riba idan aka sami masu yawon buɗe ido, suka kai maganar ga hukuma. A ranar 12 ga Afrilu, 1929, Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu aka keɓe wurin, sa'an nan a 1971, zamanin Shugaba Richard Nixon, aka ɗaga darajarsa ya zama cikakken gandun ƙasa.

Wani marubuci mai suna Edward Abbey ya yi aikin tsaron gandun a 1956 da 1957, lokacin da hanyar shiga ta ƙasa ce, mai yashi da gargada, baƙi kuma ba su taka kara sun karya ba. A littafinsa Desert Solitaire, wanda ya fito a 1968, ya yi kashedi cewa idan aka shimfiɗa kwalta aka saki motoci, wurin zai rasa abin da ake zuwa nema a cikinsa. Shawararsa ita ce a ajiye motoci a bakin ƙofa, kowa ya shiga da ƙafa, ko da keke, ko bisa doki. Ba a bi shawarar ba. Abin mamaki ma shi ne littafin nasa ya yi farin jini har ya ƙara jawo jama'a.

HAWA ZUWA GA SARKIN BAKUNKUNA

Titin kwalta mai tsawon mil 18 ya ratsa gandun, kuma akwai abin kallo tun daga cikin mota, kamar wani ƙaton dutse mai nauyin tan 3,600 da ke zaune a kan siririn wuya, sai ka ce tulu bisa gammo. Amma gani na sosai sai an sauka an taka.

Turbar da ta fi suna ita ce wadda ke kai mutum ga Delicate Arch, bakan da hotonsa ke jikin lambar motocin Jihar Yuta, wanda kuma aka ratsa da wutar wasannin Olamfik ta ƙarƙashinsa a 2002. Tafiyar mil 3 ce zuwa da dawowa, watau kusan kilomita 5, da hawan ƙafa 480. A bakin bukkar Wolfe ake farawa. Da fari hanya ce sosai mai tsakuwa, sa'an nan ta ƙare a gindin wani falalen dutse mai faɗi wanda ya miƙe sama kamar bayan giwa. Daga nan babu sauran turba, babu inuwa ko ta ɓuya. Abin da ke nuna hanya kawai shi ne 'yan tsibin duwatsu da ma'aikata suka jera nesa da juna, mutum ya isa wannan ya nemi na gaba da ido. Saboda haka ne ake roƙon baƙi kada su rushe tsibin da suka tarar, kada kuma su gina nasu don wasa, domin tsibin ƙarya yakan ɓatar da na baya.

Kusa da ƙarshe sai hanya ta koma wata 'yar baranda a jikin dutse, bango a dama, rami mai zurfi a hagu, tsawon yadi 200. Duk wannan tafiya ba a hango bakan ko sau ɗaya. Sai an sha kwanar ƙarshe, kwatsam, ga shi tsaye shi kaɗai a bakin wani kwarin dutse mai kama da akushi, tsayinsa ƙafa 52, ta bayansa kuma tsaunukan La Sal sanye da farin rawanin ƙanƙara. Da la'asar sakaliya, idan rana ta sunkuya, dutsen yakan yi ja wur kamar garwashi.

Wanda yake da sauran ƙarfi yakan nufi ƙarshen titi, inda wata turba ta kusan mil 8 ke zagaya bakunkuna da dama, ciki har da Landscape Arch da kufan Wall Arch. Akwai kuma wani sashe mai suna Fiery Furnace, inda bangayen dutse suka cushe da juna har suka zama lunguna masu rikitarwa. Ba a shigarsa sai da takardar izini ko da rakiyar ma'aikaci.

Wajibi ne a faɗi gaskiya, hamadar nan ba ta da wasa. Da rani zafi yakan wuce digiri 38, iska kuma busasshiya ce, gumi yakan bushe tun mutum bai san yana zubar da shi ba. Hukumar gandun tana shawartar kowane baƙo ya sha ruwa lita 4 a yini, ya kuma yi tafiyarsa da sassafe ko da yamma. A watan Yuli na 2024 wani uba da 'yarsa suka ɓata a gandun Canyonlands da ke maƙwabtaka, ruwansu ya ƙare, kafin masu ceto su isa sun riga mu gidan gaskiya.

LOKACIN FURANNI

Ruwan da ke sauka a nan bai wuce milimita 200 zuwa 250 a shekara ba, watau kimanin sulusin abin da Kano ke samu ko ƙasa da haka, wani daga ciki ma ƙanƙara ce. Lokacin da masu fassara kan kira bazara a can ya sha bamban da bazarar da muka sani. Shi lokaci ne na tsakani, bayan sanyi ya wuce kafin zafi ya kankama, ƙasa tana riƙe da damshin hunturu. Cikin 'yan makonnin nan ne tsirran hamada ke gaggawar yin fure, su yi 'ya'ya, kafin rana ta ƙone su.

Kowane tsiro da dabararsa. Akwai waɗanda irinsu kan kwanta cikin yashi shekara da shekaru, ba zai tsiro ba sai shekarar da aka sami ruwa isasshe. Shi ya sa wata shekara fili yakan cika da launi, wata kuwa sai ɗaiɗai. Akwai kaktus, tsiro mai ƙaya wanda a ido ya yi kama da ƙyarana, yana ajiye ruwa a jikinsa. Wani irinsa yakan fitar da fure ja jawur mai siffar ƙaramin kofi, wanda 'yan tsuntsaye masu dogon baki ke zuwa shan zumarsa. Akwai wani farin fure da ba ya buɗewa sai magariba, ya kwana yana ƙamshi don jawo ƙwarin dare, da hantsi ya yi yaushi ya koma ruwan hoda. Akwai kuma wata bishiya gajeruwa mai murɗaɗɗen jiki, wadda idan fari ya tsananta takan hana wani reshenta ruwa ya mutu, don sauran jiki ya tsira.

Manomanmu za su yi mamakin jin cewa ɗaya daga cikin furannin da baƙi suka fi ɗauka hoto ɗan uwan wuta-wuta ne, ciyawar nan da ke shanye dawa da gero. Turawa suna kwatanta shi da burushin mai fenti da aka tsoma cikin jan launi. Dangi ɗaya suke da wuta-wuta, kuma halinsu ɗaya: yakan miƙa saiwa ya kama ta maƙwabcinsa ya riƙa tsotsar ruwa da abinci.

Tsiron yuka, mai ganye kamar takubba, shi kuma amana ce tsakaninsa da wani ƙaramin farin ƙwaro. Macen ƙwaron takan tara garin fure ta dunƙule shi, ta tashi zuwa wani furen, ta saka ƙwai a cikinsa, sa'an nan ta cusa garin daidai inda zai sa furen ya yi 'ya'ya. Tsutsotsinta sukan ci wani kashi na irin su bar saura. In babu ƙwaron yuka ba ta haihuwa, in babu yuka ƙwaron ba shi da gida.

Akwai kuma furen sego, fari mai ganye uku, wanda yake da 'yar albasa a gindi. Lokacin da Turawa mabiya ɗariƙar Momon suka iso Yuta a 1847, suka shiga yunwa bayan ƙwari sun cinye amfanin gonarsu, 'yan ƙasa ne suka koya musu tono albasar nan su ci. Don tunawa da haka aka mai da shi furen jihar a 1911. A cikin gandun dai doka ta hana tsinkar fure ko tono saiwa.

ƘASAR DA TAKE DA RAI

To, yanzu mu sunkuya mu dubi abin da muka ambata tun farko. Tsakanin wannan tsiro da wancan, inda baƙo zai ce fili ne kawai, ƙasar tana da wani baƙin ɓawo mai ƙuraje-ƙuraje, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Wannan ɓawo yana da rai. Taron waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, tare da gansakuka da danginta. Idan ruwa ya taɓa su sai su farfaɗo, su riƙa ratsa yashi suna barin wani zare mai danƙo a bayansu. Zaren nan shi ke ɗinke ƙwayoyin yashi ya hana iska da ruwa kwashe su.

Amfaninsa bai tsaya nan ba. Yana riƙe damshi kamar soso. Yana kuma zuƙo sinadarin naitirojin daga iska ya zuba shi cikin ƙasa, watau sinadarin da manomi ke sayen buhun takin zamani dominsa. Ƙurajen da ke jikinsa kuma su ne maƙwafin da irin fure ke faɗawa ya sami wurin tsira. A taƙaice, furannin da ake tahowa daga nesa don kallo a kan wannan ɓawo suke cin abinci. Wata masaniya mai suna Jayne Belnap, ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ta shafe shekaru da dama a Moab tana nazarinsa, kuma aikinta na cikin abin da ya sa duniya ta san darajarsa.

Rauninsa ɗaya ne: idan ya bushe ba ya jure nauyi. Takalmi ɗaya, ko kofaton saniya, ko tayar keke, ya isa ya murƙushe shi. Da zarar ya fashe, yashin da ke ƙasa ya sami 'yanci, iska ta ɗebe shi ta binne ɓawon da ke kusa, shi ma ya mutu don rashin hasken rana. Masana sun ƙiyasta cewa ɗan siririn ɓawo kan iya dawowa cikin 'yan shekaru, amma kafin ya nuna ya yi baƙi yakan ɗauki shekara 50 ko fiye, gansakukar kuwa a wuri mai tsananin fari tana iya neman shekara 200 da ɗoriya. Wani abin baƙin ciki kuma, sawu yana kiran sawu. Mutum ɗaya ya ratse don ya ɗauki hoton fure, na bayansa ya ga alama ya bi, kafin wata ya ƙare an sami sabuwar turba inda babu ita a da.

Ɓarnar ba ta tsayawa a cikin gandu. Mu da muka san ƙurar hunturu ba ma bukatar a gaya mana nisan da ƙura kan yi. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19, da garkunan shanu da tumaki, daga baya kuma motoci, suka tattake filayen yammacin Amurka, ƙurar da ke tashi ta ninka. Takan sauka a kan farar ƙanƙarar tsaunukan Roki ta dusashe ta, ita kuwa ƙanƙara mai datti ta fi saurin shan zafin rana. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa hakan yana sa ƙanƙarar narkewa kimanin mako 3 kafin lokacinta, yana kuma rage ruwan Kogin Kolorado da wajen kashi 5 cikin 100. Mutane kusan miliyan 40 ne ke dogara da wannan kogi.

DAMBU YA YI YAWA

A 2010 masu ziyarar gandun suka haura miliyan ɗaya a karon farko. A wani ƙarshen mako na watan Mayu, 2015, jerin motoci ya yi tsawo har ya toshe babbar hanya, 'yan sanda suka rufe ƙofar shiga. A 2021 adadin ya kai miliyan 1.8, har ya zama sau da yawa tun da hantsi ake rufe ƙofa don babu sauran wurin ajiye mota. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wanda ya rasa wurin ajiye mota yakan hau gefen titi, wanda turba ta yi masa cunkoso yakan ratse, duka kuwa a kan ɓawon ƙasa suke sauka.

Saboda haka a 2022 hukuma ta gwada wani tsari, wanda ta maimaita a 2023 da 2024: daga watan Afrilu zuwa Oktoba, duk mai son shiga da rana sai ya yanki tikiti ta intanet tun da wuri, a ba shi sa'ar da zai iso. Jerin motoci ya ragu, amma ba kowa ya ji daɗi ba. Waɗansu 'yan kasuwar Moab, masu otal da gidajen abinci, sun koka cewa tsarin yana korar baƙi, garin kuwa da baƙi yake ci. Masu goyon baya suka ce idan aka bari wurin ya lalace, wa zai zo gobe? Kowane ɓangare yana da hujja, domin gandun na jama'a ne, jama'a kuma su ne nauyin da ke danne shi.

Akwai kuma masu ɓarna da gangan. A shekarar 2000 wani mai ɗaukar hoto ya hura wuta a gindin Delicate Arch don ya sami haske, ya bar tabo a jikin dutsen, kotu ta ci shi tara. A 2006 wani gwanin hawan dutse ya hau har bisa kansa, abin da ya sa aka tsaurara doka, yanzu an hana hawa kowane baka. A 2013, a wani gandun jihar mai suna Goblin Valley, waɗansu shugabannin 'yan sikawut suka ture wani dutse mai siffar naman kaza suna dariya, suka sa hoton a intanet da hannunsu, suka ƙare a gaban alƙali. Irin waɗannan su ne ke shiga jarida. Amma ɓarnar mutum dubu masu kyakkyawar niyya, kowa da sawunsa ɗaya a gefen hanya, ta fi tasu yawa nesa ba kusa ba.

MU MA MUNA DA IRINSU

Kada mai karatu ya ɗauka sai an haye teku ake ganin irin wannan. A arewa maso gabashin Chadi akwai tsaunukan Ennedi, su ma dutsen yashi ne, cike da ginshiƙai da bakunkuna da zanen mutanen da. Bakan Aloba da ke can tsayinsa ya kai kimanin mita 120, ya ninka Delicate Arch sau bakwai. A 2016 hukumar UNESCO ta sa Ennedi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ma ɓawon ƙasa mai rai ba na Amurka kaɗai ba ne. Masu bincike sun same shi a saurukan yammacin Jamhuriyar Nijar, inda yake yin wannan aiki na ɗaure yashi, inda kuma tattakin dabbobi ke fasa shi. Idan wata rana hanya ta yi kyau baƙi suka fara tururuwa zuwa Ennedi, tambayar da ta sha kan mutanen Moab za ta iso Fada, babban garin yankin.

Dokar da ake koya wa kowane baƙo a ƙofar gandun Arches gajeruwa ce, yaro ma zai riƙe. Wurare uku kawai aka yarda ka sa ƙafa: kan turbar da aka shata, ko kan falalen dutse, ko cikin yashin busasshen rafi inda ruwa ya saba bi. Idan ka hangi fure nesa da hanya, ka kalle shi daga inda kake. Idan ka ga ɗan kwarmi a kan dutse, ko da ruwa ko a bushe, ka kewaye shi, domin a cikin ƙurar gindinsa akwai ƙwayayen waɗansu ƙananan halittu masu kama da jatan lande, suna jiran ruwan sama su ƙyanƙyashe. Idan kuma turba ta yi ƙunci, ga wani yana tahowa, ka nemi dutse ka tsaya a kai har ya wuce.